Bangon Bakteriya da Rigar Farasayit: Inda Masana Ke Neman Lagon Ƙwayoyin Cuta

Mutum zai ji zazzaɓi ya rufe shi, ya nufi kemis, a ba shi kafson amoksisilin. In bakteriya ce ta kama shi, mai yiwuwa ne ya samu sauƙi cikin 'yan kwanaki. In kuwa zazzaɓin cizon sauro ne, ko mura ce ta bairos, to ko ya shanye kwali guda babu abin da maganin zai yi wa ƙwayar cutar. Dalilin wannan bambanci yana ɓoye ne a wani bango siriri da ke kewaye da bakteriya, wanda kaurinsa bai wuce nanomita 20 zuwa 80 ba a mafi kaurinsa. Masu bibiyar wayoyin zamani sun saba jin nanomita a bayanin masarrafar waya, to ma'aunin ɗaya ne: a raba milimita guda gida miliyan, a ɗauki kashi ɗaya. Wannan bango shi amoksisilin ke rushewa. Ƙwayar maleriya ba ta da shi, bairos ba ta da shi, ƙwayoyin jikin ɗan Adam ma ba su da shi.

Darasin nan zai bi abu biyu da masu binciken ƙananan halittu suka daɗe a kansu: yadda bakteriya ke gina bangonta, da kuma yadda farasayit, wato halittun da ke rayuwa a cikin jikin wani suna ci daga gare shi, ke samun ƙarfin cutarwa.

Me ya sa sai da bango?

Cikin bakteriya cike yake da gishiri da sukari da furotin, ya fi ruwan da ke kewaye da ita kauri nesa ba kusa ba. Ɗabi'ar ruwa kuwa ita ce ya riƙa kutsawa daga inda ya tsinke zuwa inda ya yi kauri. Saboda haka a kowane lokaci ruwa na turawa cikin ƙwayar, yana kumbura siririn mayafin kitse da ya lulluɓe ta. A wasu nau'o'in, matsin da ke ciki ya ninka na iskar tayar mota sau da dama. Mayafin nan kamar tiyub yake, bangon kuma shi ne taya. A cire taya a ci gaba da hura tiyub, kowa ya san ƙarshen labarin.

Sunan sinadarin bangon feftidogilaikan. Gininsa ya yi kama da saƙar raga: akwai dogayen zarurruka na sukari iri biyu da ke bin juna bi da bi, sannan akwai gajerun igiyoyi na amino asid da ke ɗaure wannan zare da na kusa da shi. In an gama ɗaurin, ragar baki ɗaya ta zama dunƙule guda wanda ya sa bakteriya a aljihu. Shi ne kuma ke ba ta siffa, ko ta zama kamar sanda, ko kewayayya, ko murɗaɗɗiya.

A 1884 wani likita ɗan ƙasar Denmak mai suna Hans Christian Gram, yana aiki a Balin ta Jamus, ya lura cewa in aka rina bakteriya da wani rini mai launin shunayya, aka zuba aidin, sannan aka wanke da sifirit, wasu na riƙe launin, wasu na sakinsa. Bai san dalili ba a lokacin. Daga baya aka gane cewa masu riƙe launi suna da bango mai kauri, hawa-hawa. Masu saki kuwa bangonsu siriri ne ƙwarai, 'yan nanomitoci kaɗan, amma suna da wani mayafi na biyu a waje wanda ke hana abubuwa da yawa shiga. Har yau ɗakunan gwaji a asibitoci na wannan rini, kuma sakamakonsa, Gram-fositif ko Gram-negatif, na daga cikin bayanan farko da likita ke dogara da su wajen zaɓen magani. Gwaji ne mai arha da ya haura shekara 140 bai tsufa ba.

Yadda fenisilin ke yaudarar magini

Alexander Fleming ya ci karo da makaman rushe bango har sau biyu. Na farko shi ne laisozayim, wanda ya bayyana a 1922: wani inzayim ne da ke cikin majina da hawaye da yawu da farin ƙwai, mai datse zaren sukarin bango. Na biyu shi ne fenisilin, a Satumban 1928, lokacin da fumfuna ta faɗa wa wani faranti da yake renon bakteriya a asibitin St Mary's da ke Landan. Sai dai Howard Florey da Ernst Chain da tawagarsu a Oxford ne suka mayar da shi magani. A Fabrairun 1941 suka gwada shi a jikin wani ɗan sanda da ƙwayoyin cuta suka ci ƙarfinsa. Ya fara farfaɗowa, maganin ya ƙare, ya rasu. Su ukun suka raba kyautar Nobel a 1945.

An shafe shekara ashirin da wani abu ana ceton rayuka da fenisilin ba tare da an san takamaiman yadda yake aiki ba. Sai a 1965 Donald Tipper da Jack Strominger a Jami'ar Wisconsin ta Amurka suka kawo bayanin da ya tsaya. Bakteriya na da wasu inzayim da aikinsu shi ne ɗaure igiyoyin raga. Suna gane igiyar da za su ɗaure ne ta bakinta, inda amino asid biyu masu suna D-alanin suke jere. Siffar fenisilin ta yi kama da wannan baki. Inzayim sai ya cafke shi a zaton kayan aiki ne, shi kuma ya manne masa, ba ya sakinsa. Magini ya tsaya cak.

Tsayawar magini kaɗai ba za ta kashe bakteriya ba. Abin da ke kashe ta shi ne, don ta girma, dole ta riƙa yanka tsohon bangonta tana saka sabon zare a gurbin. Bakteriyar E. coli kan rabu gida biyu duk bayan minti 20 in ta samu abinci, saboda haka yanka da ɗinki ba sa tsayawa. In fenisilin ya ɗaure hannun masu ɗinki, masu yanka ba su fasa ba. Bango ya yi rauni, ruwa ya tura, ƙwaya ta fashe. Wannan ne ya sa irin waɗannan magunguna suka fi tasiri a kan bakteriyar da ke cikin girma, wadda ta kwanta ta yi lamo kuwa tana iya tsira. Amoksisilin da amfisilin da seftriyazon da merofenem duk 'yan gida ɗaya ne da fenisilin, dabararsu guda.

Bakteriya ma ba ta zauna ba

Tun a 1940, kafin a fara ba marasa lafiya fenisilin, Chain da Edward Abraham suka gano cewa wasu bakteriya na fitar da inzayim mai kakkarya shi. Aka ƙera metisilin don ya jure wa wannan inzayim. Zuwa 1961 aka samu Staphylococcus aureus a Ingila da ba ta jin metisilin, domin ta samo wata ƙwayar gado da ke ƙera mata sabon magini wanda maganin ba ya iya kamawa da kyau. Ita ce ake kira MRSA. Bankomaisin ya biyo ta wata hanya: maimakon ya kama magini, sai ya rufe bakin igiyar kanta. A ƙarshen shekarun 1980 aka ga bakteriyar da ta canza D-alanin na ƙarshe da wani sinadari daban, canjin da ya rage ƙarfin kamun maganin kusan sau dubu. Sannan a 2008 aka samu inzayim ɗin NDM-1 a jikin wani majinyaci a Suwidin da ya yi jinya a Indiya, wanda ke lalata har magungunan da likitoci ke ajewa sai ta ɓaci.

Wani babban nazari da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 1.27 ne suka mutu kai tsaye saboda bakteriyar da ba ta jin magani, kuma in aka auna da yawan jama'a, Yammacin Afirka ce ta fi kowane yanki asara. Sayar da kafso ɗai-ɗai ba tare da gwaji ba, da jabun magunguna masu ƙarancin sinadari, da ɗura wa kaji da dabbobi magani barkatai, duk makaranta ce ta horar da bakteriya.

Akwai ma dabarar da ta fi waɗannan ban mamaki. Tun 1935 Emmy Klieneberger ta ga wasu bakteriya da ke rayuwa babu bango sam a Cibiyar Lister ta Landan. An daɗe ana ɗaukar abin a matsayin abin al'ajabi na ɗakin gwaji kawai. A 2019 tawagar Jeff Errington a Jami'ar Newcastle ta nuna irin waɗannan marasa bango a fitsarin tsofaffin da ciwon mafitsara ke yawan dawo musu. Bakteriya ta tuɓe bangon lokacin da magani ke yawo, in ya wuce ta sake ginawa. Fitsari na da gishirin da zai iya rage matsin da ke fasa ta.

Ƙwayar tarin fuka kuwa nata bangon daban ne. A saman ragar tana da shimfiɗar kitse mai kama da kakin zuma, wanda ruwa da magani ke wahalar ratsawa. Biyu daga cikin magungunan tarin fuka huɗu na farko, isoniyazid da etambutol, wannan shimfiɗa suke hana ginuwa. Kaurin bangon da jinkirin girman ƙwayar na cikin dalilan da suka sa jinyar ke ɗaukar wata shida.

Na'urorin da suka buɗe ido

Matsalar binciken bango ita ce ƙanƙanta. Madubin ƙara girma na haske ba ya iya rarrabe abin da ya gaza kimanin nanomita 200, bangon kuwa bai kai rabin haka ba. Yawancin abin da aka sani a shekaru ashirin da suka wuce, sababbin kayan aiki ne suka kawo shi.

A 2011 tawagogi uku daban-daban suka ɗauki bidiyon furotin ɗin da ke jagorantar gini, suka ga suna kewaya jikin bakteriya mai siffar sanda kamar mai naɗa rawani, suna shimfiɗa zare a bayansu. A 2012 masu bincike a Jami'ar Indiana suka ƙera D-amino asid mai ƙyalli: bakteriya na ɗauka ta saka a bango da kanta, sai duk inda aka yi sabon gini ya haska a ƙarƙashin madubi. In aka canza launi duk bayan 'yan mintoci, bangon kan fito da zobe-zobe masu nuna tarihin girmansa. A 2016 aka gano a Harvard cewa wani furotin mai suna RodA, da aka daɗe da sani amma ba a fahimci aikinsa ba, shi ma masaƙin zare ne, kuma fenisilin ba ya taɓa shi. A 2020 masana a Jami'ar Sheffield suka yi amfani da na'urar da ke shafa abu da tsinin allura mai kaifin gaske tana zana taswirarsa, suka ga cewa bayan bangon Staphylococcus ba sumul yake ba kamar yadda littattafai ke zanawa. Ya fi kama da soso mai ramuka, ɓangaren ciki ne kawai ke da matsattsiyar saƙa.

Sai kuma madubin lantarki mai daskarar da samfur, wanda ya samar wa Jacques Dubochet da Joachim Frank da Richard Henderson kyautar Nobel a 2017, da manhajar AlphaFold ta kamfanin DeepMind, wadda zuwa 2022 ta fitar da hasashen siffar furotin sama da miliyan 200 kyauta a intanet. Ɗalibi a Zariya ko Maraɗi mai kwamfuta da data zai iya sauke siffar furotin ɗin bakteriya ya jujjuya ta a allo, abin da a da sai an shekara ana aikinsa.

Daga wannan ƙoƙari an samu 'yan takara. Mafi yawan bakteriyar da ke cikin ƙasa ba sa yarda su girma a faranti, sai masana a Jami'ar Northeastern ta Boston suka ƙera wani ɗan allo mai ɗaruruwan ƙananan ramuka, iChip, a sa ƙwaya ɗaya a kowane rami, a mayar da shi cikin ƙasar da aka ɗebo. Ta haka aka samo teksobaktin a 2015, wanda ke kama tubalin ginin bango mai suna lifid II tun kafin a kai shi wurin aiki. A 2023 wata tawaga daga jami'o'in McMaster da MIT ta horar da ƙirƙirarriyar basira da sakamakon gwajin sinadarai kusan 7,500, ta tono abaucin, mai kashe Acinetobacter baumannii, wata bakteriyar asibiti mai taurin kai. A Janairun 2024 kamfanin Roche da masana na Harvard suka bayyana zosurabalfin, wanda ke toshe gadar da wannan bakteriya ke bi wajen kai kayan gini zuwa mayafinta na waje, kayan su taru a ciki har su kashe ta.

Sai dai kada mai karatu ya yi saurin tafi. Gano sinadari a faranti shi ne mataki mafi sauƙi. Kamfanin Achaogen na Amurka ya samu izinin sayar da sabon maganinsa a 2018, shekara guda bayan haka ya durƙushe, domin sabon maganin bakteriya ɓoye shi ake yi sai an rasa mafita, ba a sayensa da yawa. Babu manhajar da ta warware wannan lissafi tukuna.

Daga bango zuwa riga

Wasu bakteriya na ƙara wata riga ta sukari mai santsi a saman bango, wadda ke hana fararen ƙwayoyin jini damƙarsu. A 1928 Frederick Griffith ya nuna cewa bakteriyar ciwon huhu mai riga na kashe ɓera, marar riga kuwa ba ta yi, kuma marar riga na iya karɓar sirrin ɗinkin daga gawar mai riga. Bin sawun wannan sirri ne ya kai Oswald Avery da abokan aikinsa ga gane cewa DNA ce ma'ajiyar gado a 1944. Ƙwayar sanƙarau ma da irin wannan riga take cutarwa, kuma da rigar ake rarraba ta zuwa rukunin A da C da W da X da Y. Allurar MenAfriVac da aka fara a Burkina Faso da Mali da Nijar a 2010 ta kusa shafe rukunin A, sai rukunin C ya taso a Sakkwato da Kebbi da Nijar da Zamfara. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da allurar da ta haɗa rukunai biyar ɗin.

Farasayit sun kai wannan wasa na riga wani mataki daban. Su halittu ne da ƙirar ƙwayarsu ta fi kusa da ta ɗan Adam fiye da ta bakteriya, saboda haka da wuya a samu abin da za a buga a jikinsu bai taɓa majinyaci ba.

Maleriya: ƙwayar da ke liƙe wa jijiya

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2023 maleriya ta kashe mutum 597,000, kusan kashi 31 cikin ɗari a Najeriya, kusan kashi 6 a Nijar. Cikin nau'o'i biyar da ke kama mutum, Plasmodium falciparum ce ke da alhakin mafi yawan mace-macen. Me ta fi sauran da shi?

Bayan sauro ya yi cizo, ƙwayar kan wuce hanta ta yi kamar mako guda tana ninkuwa, sannan dubbai su fito su shiga jajayen ƙwayoyin jini. A can ciki garkuwar jiki ba ta ganinta. Amma akwai shinge guda: saifa. Duk jinin jiki na bi ta saifa, inda ake tilasta wa jajayen ƙwayoyi matsewa ta wasu ƙananan tsaguna. Lafiyayya ta lanƙwashe ta wuce, wadda farasayit ya cika ta yi tauri sai a kama ta a lalata. Mafitar falciparum ita ce kada ta je saifa sam. Sai ta ƙera wani furotin mai danƙo, PfEMP1, ta tura shi saman jar ƙwayar da take ciki, a kan wasu ƙananan ƙuraje. Da shi ƙwayar ke manne wa bangon ƙananan jijiyoyi, ta zauna har 'ya'yanta su nuna su fashe, duk bayan awa 48. Shi ya sa mai duba jini a madubi yawanci ƙanana masu siffar zobe yake gani, manyan sun laɓe a jijiya, kuma abin da ya ƙirga na iya gaza ainihin abin da ke jikin majinyaci.

Inda aka manne shi ke yanke irin ciwon. In a ƙwaƙwalwa ne, jini ya cushe, yaro ya yi jijjiga ya suma. A 2013 aka gano cewa nau'in PfEMP1 da ke yawan bayyana a yaran da cutar ta yi wa tsanani yana kama wani furotin na jijiya mai suna EPCR, wanda aikinsa shi ne kwantar da kumburi da hana daskarewar jini. Farasayit ya zauna a kansa ya hana shi aiki. A 2015 tawagar Terrie Taylor a birnin Blantyre na Malawi, da taimakon na'urar MRI, ta nuna cewa yaran da ke mutuwa da maleriyar ƙwaƙwalwa kumburin ƙwaƙwalwar ne ke danne cibiyar numfashi. In kuma mace na da ciki, wani nau'i na musamman, VAR2CSA, na manne wa mabiyiya ya rage abincin da ke kaiwa ga jariri. Mace mai cikin fari ba ta taɓa haɗuwa da wannan nau'i ba ko da ta girma a cikin sauro, shi ya sa ta fi shiga haɗari, kuma shi ya sa ake ba masu ciki maganin kariya a wurin awo.

To, tunda PfEMP1 a fili yake, me ya hana garkuwar jiki ta gane shi ta gama da shi? Tana ganewa. Amma a 1995 aka gano cewa kowace ƙwaya na ɗauke da kimanin ƙwayoyin gado 60 na wannan furotin, ana kiransu var. Ɗaya kawai take kunnawa a lokaci guda, sauran a kulle. Kafin jiki ya gama haɗa makamin da ya dace da wannan, wasu 'yan kaɗan sun sauya zuwa wani, su kuma suka hayayyafa. Ƙari a kan haka, jerin 60 na ƙwayar da sauron yau ya kawo ba ɗaya ba ne da na wanda zai ciji mutum gobe. Wannan ne ya sa babba a ƙauye ke jure maleriya: ya shafe shekaru yana tara sanin riguna ɗaya bayan ɗaya. Yaro ɗan ƙasa da shekara biyar bai tara ba tukuna. Masu ɗauke da rabin gadon sikila, wato AS, bincike a Mali ya nuna jajayen ƙwayoyinsu ba sa barin PfEMP1 ya jeru da kyau a samansu, danƙon ya ragu, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa ba su cika kamuwa da maleriya mai tsanani ba.

Alluran rigakafi biyu da ake da su, RTS,S da R21, sun kauce wa wannan rikici ne gaba ɗaya: suna tarar ƙwayar tun kafin ta shiga hanta. Kamaru ta sa allurar cikin rigakafin yara na yau da kullum a Janairun 2024, Najeriya ta fara da jihohin Kebbi da Bayelsa a Disambar shekarar. A matakin jini kuwa, idon masana na kan wani furotin mai suna RH5, mabuɗin da ƙwayar ke buɗe jar ƙwayar jini da shi, wanda aka gano ƙofar da yake shiga a 2011. Ba ta da madadinsa kuma ba ta cika canza shi ba. An riga an gwada allurarsa a kan yara a Burkina Faso.

Mai riga dubu biyu

Ƙwayar ciwon barci, Trypanosoma brucei, wadda ƙudan tsando ke yaɗawa, ba ta ma ɓuya a cikin kowace ƙwaya. A tsakiyar jini take iyo, garkuwar jiki na kallonta. Ta lulluɓe kanta ne da kwafi kusan miliyan 10 na furotin guda, VSG, a cushe ta yadda babu abin da zai kai ga fatarta. George Cross ne ya tantance wannan furotin a 1975. Tana da wajen ƙwayoyin gado 2,000 na wannan riga, cikakku da guntaye, kuma tana iya yanko guntun wannan ta haɗa da na wancan ta ɗinka sabuwa. Tun a 1910 Ronald Ross da David Thomson a Libaful suka ƙirga ƙwayoyin a jinin wani majinyaci kullum, suka ga adadin na tashi yana faɗuwa kamar igiyar ruwa. Kowace igiya sabuwar riga ce. A 2007 kuma aka nuna cewa iyon da take yi ma makami ne: ruwan da ke gudana a jikinta na share makaman garkuwa da suka manne mata zuwa bayanta, inda take haɗiye su.

Cutar ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Saboda ita aka yi aikin sake tsugunar da jama'a a yankin Anchau na lardin Zazzau a shekarun 1930 da 1940, aka sare kurmin bakin rafuka, aka gina sabon gari mai suna Takalafiya. Cibiyar binciken cutar na nan a Kaduna har yau. A jikin mutane ta ragu ƙwarai, amma danginta masu sa wa shanu sammore na ci gaba da cin dukiyar makiyaya, kuma sauyin rigar nan ne ya hana a samu allurar rigakafi har yanzu.

Bakteriya a cikin farasayit

Da alama batutuwan biyu ba su da mahaɗa, amma suna da ita. A 1996 aka tabbatar cewa ƙwayar maleriya na ɗauke da wata 'yar jaka a cikinta, afikofilas, wadda asalinta ya koma ga wata bakteriya mai cin hasken rana da aka haɗiye tun zamani mai nisa. Ba ta da bango, saboda haka fenisilin ba ruwansa da ita, amma injin ƙera furotin ɗinta irin na bakteriya ne. Doksisaikilin na lalata shi. Sai dai a hankali yake kisa, 'ya'yan ƙwayar ne ke mutuwa a zagaye na gaba, don haka ba a jinyar maleriya da shi shi kaɗai, an fi ba matafiya don kariya.

Tsutsar da ke haddasa makantar kogi, da wadda ke kawo tundurmi da gwaiwa, su kuma cikakkiyar bakteriya ce a cikinsu mai suna Wolbachia, kuma ba sa iya haihuwa ko daɗewa ba tare da ita ba. Wani bincike na 2002 ya nuna cewa babban ɓangare na kumburin da ke makantar da ido martanin jiki ne ga wannan bakteriya lokacin da 'ya'yan tsutsar suka mutu a ciki. Ibamektin, da ake rabawa gida-gida, 'ya'yan yake kashewa, uwar na iya kai shekara 10 zuwa 15 a ƙarƙashin fata, shi ya sa ake ta maimaita rabon shekara da shekaru. Da wannan rabo, bayan feshin da aka yi na kashe ƙudan da ke yaɗa cutar, Nijar ta zama ƙasar Afirka ta farko da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ta kawar da makantar kogi, a Janairun 2025. Doksisaikilin kuwa na kashe Wolbachia, uwar tsutsa ta daina haihuwa ta mutu a hankali, amma sai an sha kullum na mako huɗu zuwa shida, kuma ba a ba mai ciki ko ƙaramin yaro, abin da ya sa bai dace da rabon gari guda ba. Neman wanda zai yi wannan aiki cikin mako ɗaya ko ƙasa da haka ya mayar da masana kan tubalin bango. Wolbachia ta rasa yawancin kayan saƙar raga tun da ta koma zama a cikin wasu halittu, amma masu bincike a Jami'ar Bonn ta Jamus sun gano cewa har yanzu tana ƙera lifid II, kuma da suka hana ta ƙera shi, sai ƙwayoyinta suka kumbura suka kasa rabuwa.